Darasin Zaɓen Sana'a: Yadda Ake Zama Mataimakin Lauya

Darasin wannan fitowa a kan wata sana'a ce da yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba, alhali babu garin da ke cikin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da ba ya bukatar mai yin ta. Turawa suna kiran mai wannan aiki faraligal, mu kuwa za mu kira shi mataimakin lauya. Darasin yana da ɗan tsawo. Wanda ƙararrawa ta katse shi ya lura da inda ya tsaya, ya dawo ya ƙarasa in an tashi tara.

Wane ne mataimakin lauya?

Ku tuna ƙaramin asibitin da ke garinku. Wanda ke duba marasa lafiya a wurin yawanci ba likita ba ne, ma'aikacin lafiya ne da ya yi makarantar koyon aikin lafiya irin ta Kankiya. Yana ba da maganin zazzaɓi, yana yin rigakafi, yana wanke ciwo. In ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya rubuta takarda a wuce da mutum babban asibitin Funtuwa. Amfaninsa biyu ne: yana kusa da jama'a, kuma ya san inda aikinsa ya tsaya.

To, matsayin mataimakin lauya ke nan a fagen shari'a. Mutum ne da aka koya wa tushen doka da yadda kotu da ofishin 'yan sanda suke aiki, yana taimakon mutane a kan matsalolinsu na yau da kullum, a ƙarƙashin kulawar cikakken lauya. Iri biyu ne. Akwai na ofis, wanda ke zaune a ofishin lauya ko ma'aikatar shari'a, yana karɓar bayanin masu ƙara, yana tsara fayil, yana kai takardu rajistar kotu, yana lura da ranakun zama. Akwai kuma na cikin al'umma, wanda ke zaune a gari ko ƙauye, yana wayar da kan mutane, yana sulhunta ƙananan rigingimu, yana raka mai rauni ofishin 'yan sanda, yana kuma haɗa shi da lauya in bukata ta kama. Tushen karatunsu ɗaya ne.

Me ya sa muke bukatarsa a nan?

Duk wanda wani nasa ya taɓa shiga shari'a ya san cewa ofisoshin lauyoyi a manyan garuruwa suke, irin su Funtuwa da Katsina da Zariya. Manomin da ke bayan 'Yankara ko cikin ƙauyukan Sabuwa, kafin ya ga lauya sai ya biya kuɗin mota, ya bar aikin gonarsa, sannan ya zo ga kuɗin lauyan kansa. Da yawa sai su haƙura da haƙƙinsu. Wasu kuma su faɗa hannun 'yan cuku-cuku da ke shawagi a bakin kotu, a karɓe musu kuɗi ba a yi musu komai ba.

Matsalar tsaro da ta addabi wannan yanki ta ƙara yawan irin waɗannan matsaloli. Akwai mutanen da suka bar gonakinsu shekara da shekaru, ranar da suka koma suka tarar an ci iyaka, ko wanda aka ba aro yana cewa saya ya yi. Akwai waɗanda takardunsu suka ƙone tare da gidajensu. Akwai zawarawa da marayu da gadonsu yake hannun dangi ba a raba ba. Akwai matar da mijinta ya ɓata, ba a ga gawarsa ba, ba a ji ɗuriyarsa ba, tana bukatar wanda zai gaya mata cewa alƙali ne kaɗai ke da ikon yanke hukunci a kan aurenta, ya kuma nuna mata hanyar zuwa gabansa. Sannan akwai samarin da ake kamawa bisa zargi, iyayensu ba su san inda za su fara ba. A gidajen gyaran hali na Nijeriya, kusan mutum biyu cikin kowane uku jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Wasunsu abin da ya zaunar da su kawai shi ne babu mai bin fayil ɗinsu.

Ɗan tarihi kaɗan

Sunan ne sabo, aikin ya daɗe a ƙasar Hausa. A kotun alƙali ta zamanin En'e akwai muhuti, wato malamin da ke zaune kusa da alƙali yana rubuta shari'a, yana duba masa littattafai. A wancan zamani doka ba ta yarda lauya ya tsaya a kotun alƙali ba, saboda haka muhuti da magatakarda su ne suka san hanyar komai. A bakin kotu da gidan waya kuma akwai masu rubuta wa mutane wasiƙa da takardar koke.

A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano da malamai daga Sudan, don a yaye alƙalai da malaman kotu. A 1947 aka mayar da ita Makarantar Nazarin Larabci. Shehu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, a can ya yi karatu. Da aka zo kafa dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960, sai aka riƙa tara alƙalai da ma'aikatan kotu a makarantar koyon mulki da ke Kongo a Zariya ana yi musu kwas a kanta. A Kongon ne tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello take har yau.

Ƙasar Katsina tana da suna a wannan fage. Mai Shari'a Muhammadu Bello, wanda ya riƙe Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1987 zuwa 1995, ɗan muhutin Katsina ne. Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda ya riƙe sarautar Galadiman Katsina Hakimin Malumfashi, ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya daga 1978 zuwa 1992.

A waje kuma, ƙasar Saliyo abar koyi ce. Da yaƙin basasarta ya ƙare a 2002, lauyoyin ƙasar 'yan kaɗan ne, kusan dukkansu kuma a babban birnin suke. A 2003 aka kafa wata ƙungiya mai suna Timap, ta riƙa horas da mutanen karkara aikin taimakon shari'a, lauyoyi ƙalilan suna duba aikinsu. Abin ya yi tasiri har dokar ƙasar ta 2012 ta amince da su a hukumance.

Abin da dokar Nijeriya ta ce

A 1976 aka kafa Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, don ta samar wa marasa hali lauya kyauta. Tana da ofis a kowace jiha, har da Katsina. Dokar da take aiki da ita yanzu ta 2011 ce, kuma muhimman abubuwa uku ne ya kamata ku riƙe daga cikinta. Na ɗaya, wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba ya cancanci taimakon hukumar. Na biyu, hukumar tana da ikon shiga ofisoshin 'yan sanda da gidajen gyaran hali ta duba halin waɗanda ake tsare da su. Na uku, wanda ya fi shafar darasinmu, dokar ta ba hukumar ikon ba da lasisi ga mutanen da suka yi kwas ɗin taimakon shari'a da aka tsara. Ke nan sana'ar tana da gindin zama a doka, kuma ƙofar shiga cikinta ita ce horo.

Shiri tun daga sakandare

'Yan aji uku na ƙaramar sakandare da za su zaɓi ɓangare, ku kula da nan. Mai sha'awar shari'a ɓangaren zane da adabi ya kamata ya shiga, wato ajin da muke ce wa na 'yan at. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NBAIS. Turanci dole ne, lissafi ma kada a yi wasa da shi, kuma yawancin jami'o'i ba sa ɗaukar ɗalibin shari'a sai da kiredit a adabin Turanci. Sauran darussan da ke taimakawa su ne gwamnati, tarihi, addinin Musulunci ko na Kirista, Larabci da Hausa. Mai son ɓangaren shari'ar Musulunci ya dage da Larabci da darasin addini. Sharuɗɗa suna ɗan bambanta daga makaranta zuwa makaranta, don haka kafin ka cike fom ka duba littafin JAMB na shekarar tare da malamin ba da shawara.

Kada wanda ya fi ƙarfi a Hausa ya raina kansa. Dokokin ƙasa da Turanci aka rubuta su, amma mutanen da za ka yi wa aiki da Hausa ko Fulatanci za su kawo maka kukansu. Wanda zai iya karanta sashen doka da Turanci, ya juya ya bayyana wa tsohuwa shi da Hausar da za ta gane ba tare da ya ƙara ko ya rage ba, ya riga ya mallaki rabin sana'ar. Haka nan karatun allo da na zaure jari ne. Wanda ya karanta babin aure da ciniki da gado a Risala ya shiga ajin difloma da guzurinsa.

Hanyoyin karatu bayan sakandare

Hanya ta farko ita ce difloma a fannin shari'a, wadda yawanci shekara biyu ce. A jiharmu akwai Kwalejin Yusufu Bala Usman da ke Daura, wadda tun asali don nazarin shari'a aka kafa ta. A Kano akwai Kwalejin Aminu Kano ta Nazarin Addinin Musulunci da Shari'a. A Zariya kuma, Kongo ta daɗe tana yaye masu difloma a shari'a. Da yawa daga cikin rajistarori da magatakardan kotunan Arewa ta irin waɗannan makarantu suka biyo. Hukumar NBTE da ke Kaduna, mai kula da kwalejojin fasaha da sana'a, ita ma ta tsara manhajar difloma ta musamman a kan aikin mataimakin lauya. Kafin ka biya kuɗin kowace makaranta, ka tabbatar hukuma ta amince da kwas ɗin. Takardar da ba a amince da ita ba asarar shekara biyu ce.

Hanya ta biyu ita ce gajeren horo na kwanaki ko makonni, wanda Hukumar Agajin Shari'a da ƙungiyoyi masu zaman kansu suke shiryawa. Misali, Gidauniyar Isa Wali da ke Kano ta horas da maza da mata wannan aiki don su yi wa garuruwansu hidima. Irin wannan horo ya fi dacewa da wanda yake zaune a cikin jama'a kuma an san shi da gaskiya. Ƙarfinsa yana cikin bibiya: lauya yana duba rahoton mutum, ana kuma kiransa bita lokaci lokaci.

Hanya ta uku ita ce koyo a bakin aiki, wato ka shiga ofishin lauya a matsayin magatakarda. A nan ne za ka ga yadda ake shigar da ƙara, yadda ake kai sammaci, da yadda ake neman kwafin hukunci. Wannan hanya tana da kyau in an haɗa ta da ɗaya daga cikin biyun farko, domin gwaninta ba takarda ba ta cika kai mutum nesa a aikin gwamnati ba.

Wanda kuma yake son ya zama cikakken lauya, hanyarsa daban ce: digiri na shekara biyar a jami'a irin ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ko Ahmadu Bello, ko Bayero, sannan shekara ɗaya a Makarantar Horas da Lauyoyi ta Ƙasa, wadda ke da hedikwata a Bwari da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, sannan a rantsar da shi. Wasu jami'o'i suna karɓar mai kyakkyawar difloma ya fara daga aji biyu. Saboda haka difloma tana iya zama sana'a, tana kuma iya zama tsani.

Me ake koya?

Darasi na farko shi ne sanin kotuna. A Jihar Katsina akwai kotunan shari'ar Musulunci, ƙanana da manya, masu duba aure da saki da gado da riƙon yara da makamantansu. Akwai kotun majistare. Akwai Babbar Kotun Jiha, wadda take da zama a Funtuwa, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci. Sama da su akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, sai Kotun Ƙoli a Abuja. Kai ƙara kotun da ba ta da hurumi ɓata kuɗi da lokaci ne. Ɗaukaka ƙara kuma tana da wa'adi, a ƙananan kotuna yawanci kwana 30. Mutum yana iya zama da gaskiyarsa ya sha wahala saboda ya bari kwanakin sun wuce.

Na biyu, haƙƙin wanda aka kama. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama yana da ikon ya yi shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ta dace a tsakanin kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne yana da nasa tanadin daban. Sashe na 36 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, kuma yana da haƙƙin tafinta kyauta. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma hana kama mutum don bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Beli a ofishin 'yan sanda kuwa kyauta ne.

A ce ana neman wani saurayi ba a same shi ba, aka tafi da mahaifinsa. Mataimakin lauya ba zai je yana ɗaga murya ba. Zai rubuta sunan wanda aka kama da rana da lokaci, ya je ya yi sallama, ya nuna katinsa, ya nemi ganin mai binciken, ya tuna masa da ladabi abin da doka ta ce. In ba a saurare shi ba, ya nemi ganin DPO. In nan ma abin ya faskara, ya kira lauyan da ke kula da shi ko ofishin Hukumar Agajin Shari'a. Mataki bayan mataki ake bi, kuma kowanne a rubuce.

Na uku, gado. Ga lissafi ku gwada. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiyarsa, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, mahaifinsa kuwa ya riga shi rasuwa. Bayan an yi masa sutura, an biya bashinsa, an fitar da wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, abin da ya rage naira 1,200,000 ne. Matar tana da tumuni, wato ɗaya cikin takwas: naira 150,000. Mahaifiya tana da sudusi, ɗaya cikin shida: naira 200,000. Saura naira 850,000. Namiji yana ɗaukar rabon mata biyu, don haka a kasa biyar, kowane kaso naira 170,000. Kowane ɗa namiji ya sami naira 340,000, 'yar ta sami naira 170,000. Ku tara ku gani, zai koma 1,200,000 cif. Mataimakin lauya ba shi ke raba gado ba, wannan aikin alƙali ne da malaman da suka ƙware a mirasi. Amfanin sanin lissafin shi ne, in bazawara ta zo ta ce an sallame ta da buhun masara biyu daga gonakin mijinta, zai gane akwai gyara, ya nuna mata ƙofar kotu.

Na huɗu, gona da fili. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallakar gargajiya a karkara. Yawancin rigimar gona a wajenmu daga baki da baki take tasowa: wannan ya ce jingina ce, wancan ya ce sayarwa ce, shaidu kuma sun rasu ko sun yi hijira. Ana koya wa mataimakin lauya ya wayar da kan mutane a kan abin da ya kamata takarda ta ƙunsa: cikakken sunan mai bayarwa da mai karɓa, iyakokin gona gabas da yamma, kudu da arewa, kuɗi da lamba da kuma kalmomi, ko sayarwa ce ko jingina ko aro ko haya, kwanan wata, shaidu da sanin mai unguwa ko dagaci. Wanda bai iya karatu ba, sai an karanta masa da harshensa kafin ya dangwala yatsa.

Na biyar, sulhu. Ana koyon yadda ake sauraron kowane ɓangare ba tare da an katse shi ba, yadda ake raba abin da mutum ya gani da abin da aka gaya masa, da yadda ake rubuta abin da aka amince a kai. Rigimar iyaka, ɓarnar dabba a gona, bashi, ciyar da yara bayan rabuwar aure, duk ana iya kashe su a zaure tare da masu unguwanni da limamai. Amma kisa, fyaɗe, fashi da satar mutane ba a sulhunta su. In aka kawo maganar fyaɗe, asibiti ne farko, sannan hukuma.

Na shida, ajiye bayani. Kowace matsala da fayil ɗinta: wa ya zo, yaushe, me ya faɗa, me aka yi, me ya rage. A yau ana bukatar iya kwamfuta da buga takarda, domin kusan duk takardun kotu bugawa ake yi.

Inda aikinsa ya tsaya

Wannan shi ne sashen da ya fi kowanne muhimmanci. Dokar aikin lauyoyi ta mayar da shi laifi mutum ya kira kansa lauya ko ya yi aikin lauya alhali ba a rantsar da shi ba. Ta kuma hana wanda ba lauya ba ya tsara takardar mallakar gida ko fili, ko takardun ƙara na manyan kotuna, don a biya shi. Saboda haka mataimakin lauya ba ya sa rigar lauya, ba ya tsayawa a kotu yana kare wani, ba ya yarda a kira shi Barista ko da wasa. Zai tattara bayani ya shirya komai, lauya ya duba ya sa hannu.

Sauran ƙa'idojin na amana ne. Sirrin wanda ya zo wurinka ba ya fita, ko a majalisar shayi, ko a WhatsApp. Ba ka yi wa kowa alkawarin zai ci shari'a. Ba ka karɓar kuɗi da sunan za ka kai wa alƙali ko ɗan sanda, wannan cin hanci ne, kuma mai kai wa da mai karɓa duk masu laifi ne. In rigimar ta shafi ɗan uwanka ko surukinka, ka miƙa wa wani. In an tambaye ka abin da ya wuce saninka, ka ce a ba ka lokaci ka tambayi lauya. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a shari'a shawara ɗaya ta kuskure tana iya raba maraya da gonar ubansa. Bambancin mataimakin lauya da lauyan bogi ke nan: ɗaya yana da horo da mai duba aikinsa, ɗayan kuwa baki kawai gare shi.

Aiki da abin samu

Ana samun aiki a ofisoshin lauyoyi, a rajistar kotuna, a ma'aikatar shari'a, a Hukumar Agajin Shari'a, a Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da ƙungiyoyin da ke taimakon mata da yara da 'yan gudun hijira. Gaskiyar magana, sana'ar ba ta saurin kawo arziki. Da yawa daga cikin masu yin ta a ƙauyuka 'yan sa kai ne da ake ba alawus, suna haɗawa da koyarwa ko noma ko kasuwanci. Mai difloma da ya shiga aikin kotu kuwa yana da albashi da matakan ƙarin girma.

'Yan uwa mata, wannan kira ya fi shafarku. Akwai maganar da matar aure ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba, ko da za ta mutu da ita a ciki. Mace mai horo tana shiga gidan da namiji ba zai wuce zaurensa ba.

Abin da za ka fara tun yanzu

Ka nemi kundin tsarin mulki a laburare ko a intanet, ka karanta babi na huɗu, ka gwada fassara sashe ɗaya zuwa Hausa duk mako. Lokacin hutu ka nemi izinin iyaye ka je kotu ka zauna a bencin baya, domin zaman kotu a buɗe yake ga jama'a in ba alƙali ya hana ba. Ka rubuta abin da ka ji ba tare da sunayen mutane ba. Ka shiga kulob ɗin muhawara ko namu na 'yan jarida, domin tambaya da sauraro da rubuta gaskiya su ne kayan aikin. Sannan ka kiyaye sunanka tun yanzu. Mutanen garinku da suka san ka da tsegumi a aji biyu ba za su kawo maka sirrinsu ba bayan ka yi difloma.

Tambayoyin bita

1. Kawo abubuwa uku da mataimakin lauya yake yi, da uku da doka ko amana ta hana shi.
2. Cikin kwana nawa ya kamata a kai wanda aka kama kotu in akwai kotun da ta dace a tsakanin kilomita 40?
3. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, ɗa namiji ɗaya da 'ya'ya mata biyu, iyayensa duka sun riga shi rasuwa. Bayan bashi da wasiyya an bar naira 800,000. Nawa kowa zai samu?
4. Waɗanne laifuffuka ne ba a sulhunta su a zaure?
5. Ambaci makarantu biyu da ake yin difloma a fannin shari'a.

A rubuta amsa a takarda da suna da aji, a jefa a akwatin kulob kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci duka biyar a fitowa ta gaba. Don Allah kada a yage shafin, kada kuma a yi rubutu a kansa, wasu ba su karanta ba tukuna. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya zaunar da yankinmu lafiya.

Daga Teburin Ilimi da Sana'a, Kulob ɗin 'Yan Jarida